Fangio, Makanikin Da Ya Zama Sarkin Direbobi

Galibi in aka ce a rubuta labarin wani babban mutum a cikin wannan mujalla tamu, akan ɗauko sarki ne, ko mayaƙi, ko wani shahararren malami. Ni kuwa direba na ɗauko, na kuma san waɗansu 'yan'uwana ɗalibai za su yi murmushi, don a wurinmu yaron da ya kasa karatu shi ake cewa ya tafi ya bi mota. To, wannan mutum da zan ba ku labarinsa bai yi nisa a makaranta ba, a gareji ya tashi, amma ya zama zakaran duniya a tseren motoci har sau 5. Sunansa Juan Manuel Fangio.

An haife shi ran 24 ga Yuni, 1911, a wani ƙaramin gari da ake kira Balcarce, inda ake noman dankalin Turawa, a ƙasar Ajantina cikin Amurka ta Kudu. Asalin iyayensa mutanen Italiya ne, ubansa kuwa magini ne. Yana da shekara 13 ya bar makaranta ya shiga koyon gyaran mota. Abokansa na ƙwallo suka sa masa suna El Chueco, watau mai gwame, sunan kuwa ya bi shi har ƙarshen ransa. Bayan ya gama aikin soja ya buɗe garejinsa, a nan ya fara harhaɗa tsofaffin motoci yana shiga tsere da su.

Tseren da ake yi a ƙasarsu a zamanin nan ba a fili ake yinsa ba. A kan hanyoyin mota ake yi, daga gari zuwa gari, cikin ƙura da taɓo da duwatsu, kwana da kwanaki. A 1940 ya ci wani wanda aka tashi daga Buenos Aires, aka hau duwatsun Andes har Lima ta ƙasar Peru, aka komo, tafiyar kusan mil 6,000, cikin mota Chevrolet. In mota ta lalace a daji, direba da abokin tafiyarsa su za su sauka su gyara. A ganina nan ya sami ilmin da ya fi na sauran. Ya san abin da inji zai iya ɗauka da abin da ba zai iya ba, kunnensa yana jin ciwon mota tun kafin ta tsaya. A nan kuma ya fara sanin abin da wasan nan ke ci. A 1948, cikin tseren Buenos Aires zuwa Caracas, motarsa ta ƙwace da dare a ƙasar Peru ta juya, abokin tafiyarsa Daniel Urrutia ya mutu.

Sai a 1949 ya zauna sosai a Turai yana tsere, da taimakon gwamnatin ƙasarsu, yana da shekara 37, shekarun da waɗansu ke shirin ajiye sitiyari. A shekara mai bi aka kafa gasar duniya ta ajin farko, wadda ake kira Fomula 1, kamfanin Alfa Romeo ya ɗauke shi.

Akwai wani abu da ya faru a Monako a 1950 wanda ya fi kome nuna irin hankalinsa. A can cikin titunan gari ake tsere, a bakin teku. A zagayen farko yana kan gaba, sai motocin da ke bayansa suka yi karo a wata kwana inda ruwan teku ya jiƙa hanya, suka toshe ta. Shi bai sani ba. Da ya kewayo a zagaye na biyu, kafin ya kai kwanar, sai ya lura 'yan kallo ba shi su ke duba ba, duk sun juya kawunansu wani waje, alhali kuwa shi ne na gaba. Ya gane lalle akwai abin da ya fi shi jan ido a bayan kwanar nan, ya taka burki, ya ratsa tsakanin motocin a hankali, ya wuce ya ci tseren. Mu da muke koyon tsayawa gaban aji mun san wuyar karanta fuskokin yara 40 da ke zaune wuri ɗaya, balle fuskokin taro, mutum yana cikin gudu.

Ya ci kambin duniya na farko a 1951. A 1952 ya yi gangancin da ya kusa kashe shi. Jirgin sama ya kuɓuce masa, ya tuƙo mota dare farai daga Paris ya haye duwatsu zuwa Monza a Italiya, ya iso ana gab da tashi, ya shiga tsere a gajiye. A zagaye na biyu mota ta yi jifa da shi, ƙashin wuyansa ya karye, ya yi sauran shekarar yana jiyya. Da ya warke ya komo, ya ci kambi a 1954 da 1955, yawanci cikin motar Mercedes-Benz. Daga nan aka san shi da hali guda: ba ya gudu fiye da abin da zai ishe shi cin tsere. In ya shiga gaba sai ya sassauta, ya lallaɓa inji da tayoyi har gida.

Dole in tsaya kan 1956, don abin da ya faru ran 4 ga Agusta na shekara mai bi ba zai fahimtu ba sai da shi. A 1956 yana tuƙa wa Ferrari. A tseren ƙarshe, a Monza, wani ƙarfen sitiyarin motarsa ya karye, ya zauna a gefe yana kallo kambi na shirin suɓuce masa. A lokacin doka ta yarda direba ya ba abokin aikinsa motarsa su raba maki. Wani saurayi Bature ɗan Ingila, Peter Collins, mai shekara 24, wanda shi kansa yana da damar cin kambin, ya shigo a duba masa taya, ya ga Fangio zaune, ya sauka ya ba shi motar. Fangio ya gama na biyu, ya ci kambi na huɗu. Ban san yawan mutanen da za su iya yin abin da yaron nan ya yi ba.

To, a 1957 Fangio ya koma Maserati, Collins ya zauna a Ferrari tare da wani ɗan Ingila, Mike Hawthorn, mai shekara 28. Fangio yana da 46. Ya riga ya ci tseren Ajantina da na Monako da na Faransa sa'ad da aka zo na Jamus, a filin Nurburgring.

Wannan fili ba shi da kama da sauran. Hanya ce siririya da ta ratsa kurmi da tuddai a duwatsun Eifel, a lokacin zagaye guda mil 14 da 'yan kai, watau kilomita 22.8, da kwana fiye da 170, hawa da gangara kusan ƙafa 1,000. A waɗansu wurare mota takan tashi sama, tayoyi huɗu duk su bar ƙasa. Gefen hanya kuwa a lokacin shinge ne da itatuwa da ramuka. Direba yana zaune, inji a gabansa, tankin fetur a bayansa, babu ɗamarar da za ta riƙe shi a kujera. Za a kewaya sau 22, wajen mil 312 ke nan.

Kafin ranar tsere akan yi gwaji. Kowane direba ya kewaya, a auna lokacinsa da agogo, wanda ya fi sauri shi zai tsaya a kan gaba wajen tashi. Fangio ya yi minti 9 da sakan 25.6. Hawthorn ya bi shi da 9 da 28.4, sai Jean Behra na Faransa, shi ma cikin Maserati, da 9 da 30.5, sa'an nan Collins da 9 da 34.7. Su huɗun nan su ne a layin farko. Ku riƙe lissafin Fangio a ka, za mu komo kansa.

Mutanen Ferrari suka shirya su cika tanki su yi tseren duka ba tsayawa. Fangio da makanikansa suka ga tayoyinsu na baya ba za su kai ba, saboda haka suka zuba rabin tanki, don mota ta yi sauƙi ya tsere musu, ya tsaya a tsakiya ya sake taya ya ƙara mai. Dabara ce irin ta mai gareji, ta kuwa fara tafiya daidai. Hawthorn da Collins suka fita gaba da fari, a zagaye na 3 ya wuce su, kafin ya shigo tsayawa a zagaye na 12 ya ba su rata ta wajen sakan 30.

Nan abin ya ɓaci. Makanikin da ke sake tayar baya ya kwance babban notin da ke riƙe ta, notin ya gangara ƙarƙashin mota, aka yi ta nema. Kafin a sallame shi motocin Ferrari biyu sun wuce, sun ba shi rata ta kusan sakan 50, saura zagaye 10. Ko da ya gama na uku ba wanda zai zarge shi, gama yana gaba da kowa a maki nesa, ga kuma sauran tsere biyu a shekarar. Bisa ga halin da aka san shi da shi, lallaɓawa ya kamata ya yi.

A zagayen farko bayan tsayawa bai rage ratar da wani abin kirki ba, don tayoyi sababbi ne ba su kama hanya ba tukuna. Ku tuna a zamanin nan babu rediyo tsakanin direba da mutanensa, allo ake ɗaga masa in ya zo wucewa, a fili irin wannan kuwa sau ɗaya zai ga allon cikin minti tara da wani abu. Saboda haka duk labarin da Hawthorn da Collins ke samu tsohon labari ne. Kafin a gaya musu tsohon yana tafe, ya riga ya ci rabin ratar.

Abin da ya yi shi ne, kwanar da ya saba sha da giya ta uku sai ya sha ta da ta huɗu, wuraren da ya saba ɗaga ƙafa daga totur sai ya ƙi ɗagawa. Kowane zagaye yana karya lokacin da ya kafa a na baya. A zagaye na 20 ya yi minti 9 da sakan 17.4. Ku ɗebe wannan daga 9 da 25.6 na ranar gwaji, za ku ga sakan 8.2 ne, ga shi kuwa bayan ya yi sa'a uku yana tuƙi. A 1956 mafi saurin zagayensa a filin nan minti 9 da sakan 41.6 ne. Na taɓa ba 'yan aji shida wannan lissafi a lokacin koyon koyarwa, ban kuwa taɓa ganin sun yi ɗebewa da marmari kamar ran nan ba.

A zagaye na 21 ya cim ma Collins, mutumin da ya ba shi mota bara, ya wuce shi. Can gaba cikin kurmi ya kutsa ta gefen Hawthorn, tayoyinsa biyu a kan ciyawa. Hawthorn bai saduda ba, ya bi shi a wuya har ƙarshe. Fangio ya gama cikin sa'a 3 da minti 30 da sakan 38.3, watau gudun wajen mil 89 a sa'a, Hawthorn yana bayansa da sakan 3.6 kacal. Collins ya zo na uku, Luigi Musso na Ferrari na huɗu, Stirling Moss cikin Vanwall na biyar, Behra na shida. Da wannan ya tabbatar da kambinsa na biyar. Hawthorn da Collins suka zo suna dariya suna rungumarsa kamar su suka ci.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan tsere shi ne mafi kyau da aka taɓa yi. Shi kansa daga baya ya bayyana cewa ya yi kwana biyu bai iya barci ba, yana tuna wuraren da ya yi kasada, ya kuma ƙudura ba zai sake tuƙi irin wannan ba. Ni abin da ya fi kama ni ke nan cikin labarin. Bai kuwa sake cin wani tseren gasar duniya ba. Wannan shi ne na 24, cikin 51 da ya tashi.

A watan Fabrairu 1958 'yan tawayen Fidel Castro suka sace shi daga otel a Habana ta ƙasar Kuba, don su kunyata gwamnatin Batista, suka sake shi lafiya bayan an gama tseren. Ran 6 ga Yuli ya yi tserensa na ƙarshe a Reims ta Faransa, ya zo na huɗu. Hawthorn, wanda ke kan gaba, ya tarar da shi kusa da ƙarshe, ya rage gudu don kada ya zagaye shi a gaban jama'a. A cikin tseren nan Musso ya mutu. Bayan mako huɗu Collins ya mutu a Nurburgring. Hawthorn ya ci kambin 1958 ya yi murabus, a Janairu 1959 ya mutu cikin haɗarin mota a kan hanya a Ingila. Watau cikin mutum huɗun da suka fara gamawa ran 4 ga Agusta 1957, ba a yi shekara ɗaya da rabi ba sai da ya zama tsohon kaɗai ya rage.

Ya koma ƙasarsu ya kama cinikin motoci, har ya zama shugaban kamfanin Mercedes-Benz na Ajantina. A 1986 aka buɗe gidan ajiye motocinsa da kofunansa a Balcarce. Kambinsa 5 ba wanda ya wuce su sai a 2003, sa'ad da Michael Schumacher na Jamus ya ci na shida. Fangio ya rasu a Buenos Aires ran 17 ga Yuli, 1995, yana da shekara 84. Aka kai shi Balcarce aka binne, cikin masu ɗaukar akwatin gawarsa har da Stirling Moss, wanda ya zo na biyar a Nurburgring.