Duleep Singh: Marayan sarkin Punjab da masu riƙonsa suka cinye gadonsa

Mutanen Gaya da Ajingi ba sa buƙatar dogon bayani a kan yadda alƙalami ke ɗaga sarauta ya kuma sauke ta. A 2019 aka ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a watan Mayun 2024 aka rushe dokar da ta kafa ta, bayan wata biyu aka dawo da ita a daraja ta biyu, Ajingi da Albasu na ƙarƙashinta. Kafin wannan, Kano ta ga wanda ya fi tsanani: Turawa suka ci birnin a 1903, suka kai Sarki Alu Yola, daga can Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

Shekara 54 kafin faɗuwar Kano, Turawan Ingila sun riga sun gwada wannan sana'a a kan wani yaro ɗan shekara goma a ƙasar Punjab, yankin da yau ya rabu tsakanin Indiya da Pakistan. Sunansa Duleep Singh, sarki na ƙarshe na daular mabiya addinin Sikh. Abin da ya bambanta labarinsa da na sauran sarakunan da aka tuɓe shi ne, waɗanda suka ƙwace ƙasarsa su ne waɗanda suka sa hannu a takarda cewa za su riƙe masa ita amana har ya girma.

Daular da ya gada

Addinin Sikh ya samo asali daga Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469 kusa da birnin Lahore. Mabiyansa sun yi imani da Ubangiji ɗaya, ba sa bautar gumaka, kuma sun ƙi rarraba mutane zuwa ɗiya da ƙasƙantattu. A 1699 jagoransu na goma, Guru Gobind Singh, ya kafa rundunar da ake kira Khalsa. Wanda ya shige ta yakan riƙe alamomi biyar: gashin da ba a askewa, matajin katako, awarwaron ƙarfe, gajeren wando da ɗan takobi. Rawanin da masu kallon finafinan Indiya suka saba gani a kansu, wannan gashin yake rufewa.

Mahaifin Duleep, Ranjit Singh, ya kama Lahore a 1799, aka naɗa shi sarki a 1801, wato zamani ɗaya da tashin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Daularsa ta kai Kashmir da Multan da Peshawar. Mafi yawan talakawansa Musulmi ne, kuma amintaccensa mai kula da hulɗa da ƙasashen waje, Fakir Azizuddin, Musulmi ne. A 1813 ya karɓi lu'ulu'un nan mai suna Koh-i-Noor daga hannun Shah Shuja, tuɓaɓɓen sarkin Afganistan.

An haifi Duleep a Lahore a watan Satumban 1838. Bai cika shekara ɗaya ba mahaifinsa ya mutu. Shekara huɗu fada ta yi tana cin 'ya'yanta, magada suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har a Satumban 1843 aka ɗora yaron a kan gado yana ɗan shekara biyar. Mahaifiyarsa, Jind Kaur, ita ta riƙe masa sarauta.

Takardar amana

Idan bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga. Kamfanin Turawan Ingila da ke mulkin Indiya ya gwabza yaƙi da rundunar Khalsa daga Disamban 1845 zuwa Fabrairun 1846, ya yi nasara. Aka yanke wa daular ƙasa, aka sayar da Kashmir ga Gulab Singh a kan rufi miliyan bakwai da rabi.

A Disamban 1846 aka ƙulla yarjejeniyar Bhairowal, kuma a cikinta gaskiyar lamarin take. Ta ba wakilin Turawa da ke Lahore cikakken iko a kan kowane sashe na mulki. Sojojinsu za su zauna su tsare sarki da ƙasarsa, baitulmalin Punjab na biyansu rufi miliyan biyu da dubu ɗari biyu a shekara, har zuwa ranar 4 ga Satumban 1854, lokacin da yaron zai cika shekara 16 ya karɓi mulkinsa. A taƙaice, Turawa sun zama waliyyan maraya, kuma da kuɗin marayan ake biyansu ladan riƙo.

Wadda ta tsaya musu a maƙogwaro ita ce uwar. A Agustan 1847 suka raba ta da ɗanta, suka tsare ta a Sheikhupura, daga baya suka fitar da ita daga Punjab zuwa gidan kaso na Chunar. Ta yi shigar burtu ta tsere zuwa Nepal a 1849.

A Afrilun 1848 bore ya tashi a Multan, ya rikiɗe ya zama yaƙi na biyu, wanda ya ƙare da nasarar Turawa a Gujrat a Fabrairun 1849. Mulki a hannun wakilinsu yake lokacin da boren ya tashi, yaron kuma a hannunsu yake, bai ɗaga ko tsinke ba. Duk da haka shi aka hukunta. Ranar 29 ga Maris 1849, bisa umarnin Gwamna Janar Dalhousie, aka sa shi ya sa hannu a takardar da ta sallama sarauta da dukiyar daula, ta kuma miƙa Koh-i-Noor ga Sarauniyar Ingila. A madadin haka aka yi alkawarin fansho na rufi dubu ɗari huɗu zuwa dubu ɗari biyar a shekara, shi da danginsa da barorin fada.

Daga Fatehgarh zuwa fadar Victoria

Aka damƙa riƙonsa ga wani likita ɗan Sikotland, John Login, aka kai shi Fatehgarh, nesa da Punjab da harshenta da malaman addininsa. Shaidun zamanin sun nuna Login ya riƙe shi da tausayi, amma duk wanda ke kewaye da yaron zaɓaɓɓen Turawa ne. Wani hadiminsa, Bhajan Lal, wanda ya yi karatu a makarantar mishan ta Amurkawa, shi ke karanta masa Baibul. Aka aske gashinsa, ranar 8 ga Maris 1853 aka yi masa baftisma yana ɗan shekara 14. Hukuma ta rubuta cewa da son ransa ya yi. Tambayar da ta rage ita ce, wane irin zaɓi ne ke gaban yaron da aka raba da uwa da gida tun yana ƙarami?

A 1854 ya isa Ingila. Sarauniya Victoria ta ɗauke shi kamar ɗan gida, ta sa aka zana hotonsa cikin rawani da kayan sarauta. Matar Login ta rubuta cewa a wannan lokaci aka ɗora masa Koh-i-Noor a tafin hannu. Dutsen ya riga ya sauya kama, domin a 1852 an sake sassaƙa shi, nauyinsa ya ragu daga karat 186 zuwa kimanin 105. Ya juya shi a hasken taga, sannan ya miƙa wa sarauniya da hannunsa, kamar mai ba da kyauta.

Sai a Janairun 1861 aka bar shi ya ga mahaifiyarsa a wani otal a Kalkata, bayan rabuwar shekara 13. Ta kusa makancewa. An ruwaito cewa da ta shafa kansa ta ji babu gashi, wannan ya fi ƙona mata rai a kan rasa daula. Ya tafi da ita Ingila, kuma a shekara biyun da suka yi tare ta ba shi labarin gidansu da filayen da mahaifinsa ya mallaka. Ta mutu a Landan a Agustan 1863. Turawa ba su yarda a kai gawarta Punjab ba, sai a Nashik aka ƙona ta bisa al'adar addininta.

A hanyar wannan tafiya ya tsaya Alƙahira, ya ga Bamba Müller a makarantar mishan, 'yar wani Bajamushe da wata Bahabashiya, ya aure ta a Iskandariyya a 1864. Suka zauna a Elveden, gandu mai kimanin eka dubu 17 a gabashin Ingila. Ya ƙawata cikin gidan irin na fadojin Indiya, ya shahara da farautar tsuntsaye, yarima mai jiran gado na cikin baƙinsa. Ya kuma shahara da almubazzaranci da neman mata, har bashi ya yi masa katutu. Wannan ɓangare na rayuwarsa ba laifin kowa ba ne sai nasa.

Komawa ga addinin iyaye

Bashin ne ya fara tura shi bincike. Ya shiga ɗakunan karatu yana tono takardun 1846 da na 1849, ya gane cewa abin da ake ba shi bai kai abin da aka yi alkawari ba, kuma an haɗa da gadonsa na ƙashin kansa a cikin abin da aka ƙwace. A 1882 ya kai ƙorafinsa jaridar The Times, hukuma ta yi kunnen uwar shegu. A 1884 ɗan'uwansa Thakur Singh Sandhanwalia ya zo daga Punjab, ya zauna da shi yana tuna masa addinin kakanninsa.

A ƙarshen Maris 1886 ya hau jirgin ruwa da iyalinsa zuwa Indiya. Turawa suka ji tsoron abin da saukarsa za ta tayar a Punjab, suka tare shi a Aden, wadda yau take ƙasar Yaman. A nan, yana tsare, ranar 25 ga Mayu 1886, aka yi masa bikin shiga Khalsa, wanda ake yi da ruwan sukari da aka dama da takobi mai kaifi biyu. Uwarsa ta mutu, ƙasarsa da lu'ulu'unsa suna hannun da ya fi ƙarfinsa. Addini kaɗai ne abin da zai iya ɗaukowa da kansa ba tare da izinin Landan ba, kuma ya ɗauko.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Ya bar iyalinsa suka koma Ingila, ya wuce Faris, a 1887 ya shiga Rasha da fasfo na wani ɗan Ayaland yana neman sarkin Rasha ya taimaka masa ya kori Turawa daga Indiya. 'Yan leƙen asirin Birtaniya na biye da shi, sarkin Rasha bai gan shi ba, matarsa Bamba ta mutu a wannan shekara. Ya dawo Faris hannu rabbana, ya auri Ada Wetherill a 1889, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi a 1890. Ya nemi afuwar Victoria, ta yafe masa. Ya mutu a wani otal a Faris ranar 22 ga Oktoba 1893, yana da shekara 55. Aka kai gawarsa Elveden aka binne a harabar coci bisa tsarin Kirista, alhali mabiya Sikh ƙona gawa suke yi.

Abin da ya bari

Daga cikin 'ya'yansa takwas babu wanda ya bar baya. Sophia ta yi suna a gwagwarmayar nema wa matan Birtaniya 'yancin zaɓe, ta mutu a 1948. Babbar 'yarsa Bamba ta kai tokar kakarta Lahore a 1924, ta kuma mutu a birnin a 1957. Gandun Elveden ya koma hannun iyalin Guinness a 1894.

Jama'arsa kuwa ta yaɗu a ƙasar da aka kai shi. An buɗe wurin ibadarsu na farko a Landan a 1911. Ƙidayar 2021 ta nuna mabiya Sikh kimanin dubu 524 a Ingila da Wales. Ba a sama suka sami mutuncin rawaninsu ba. Direbobin bas na Wolverhampton sun yi shekara biyu suna ja da hukuma kafin a bar su su yi aiki da rawani a 1969. A 1976 majalisa ta ɗauke wa mai rawani wajabcin sa hular kwano a kan babur, a 1983 kuma kotun ƙoli ta lokacin ta yanke cewa hana ɗalibi shiga makaranta saboda rawani wariya ce. A wuraren ibadarsu ana dafa abinci kyauta ga duk wanda ya shigo, ko wane ne.

Wannan al'umma tana lissafa tarihinta a Birtaniya daga Duleep Singh. A 1999 aka kafa masa mutum-mutumi a garin Thetford, kusa da Elveden, yana bisa doki da rawaninsa, kuma Yarima Charles, wanda yau shi ne sarki, shi ya buɗe shi. Mabiya Sikh na ziyartar kabarinsa, suna kuma muhawara a tsakaninsu: wasu na son a tono shi a kai Punjab a yi masa abin da addininsa ya tanada, wasu na ganin a bar shi kusa da matarsa da ɗansa. Koh-i-Noor na nan a Hasumiyar Landan, a jikin kambin da aka ƙera a 1937. Indiya da Pakistan duk sun nemi a mayar musu da shi, Birtaniya kuwa na dogaro da takardar 1849, wadda yaro ɗan shekara goma ya sa wa hannu a gaban masu riƙonsa.