Talavera: Akbishop ɗin da ya koma ɗalibin Larabci

A watan Janairun 1492, lokacin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano, birnin Granada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ya faɗa hannun Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella. Wanda aka naɗa Akbishop na farko a birnin, a 1493, shi ne Hernando de Talavera, tsohon malami a Jami'ar Salamanca, kuma limamin da sarauniyar ke furta zunubanta gare shi.

Burinsa ba ɓoyayye ba ne: so yake Musulmin Granada su koma Kirista. Sai dai ya yi imanin cewa ba a shiga zuciyar mutum sai ta harshensa. Da furfurarsa ya zauna koyon Larabci, ya umarci limamansa su koya. A ƙarƙashin kulawarsa Pedro de Alcalá ya wallafa nahawu da ƙamus na Larabcin Granada cikin haruffan boko a 1505.

Masu mulki suka ga tafiyar ta yi hawainiya. A 1499 Cisneros, Akbishop na Toledo, ya iso da baftismar dole da ƙona littattafan Larabci, abin da ya saɓa wa yarjejeniyar 1491 wadda ta lamunce wa Musulmi addininsu. Unguwar Albaicín ta yi bore. Shi ma Talavera bai tsira ba: kotun binciken aƙida ta zarge shi da bin Yahudanci a ɓoye, aka tsare danginsa. Fadar Paparoma ta wanke shi, ya rasu a watan Mayun 1507. A 1567 aka haramta Larabci, daga 1609 kuma aka kori jikokin Musulmin daga Sifen.

A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ƙamus ɗin nan na cikin manyan madogarar masana a yau wajen gano yadda Andalusawa ke furta Larabcinsu. Masu harshen sun ɓace, rubutun baƙo ya rage. Mu ma ƙamusoshin Schön na 1876 da Bargery na 1934 aikin 'yan mishan ne. To, mai karatu, wa muke jira ya tattara mana Hausar manoman Dutse da kalmomin maƙeran Kano kafin tsofaffinmu su ƙare?