Joj Washinton, sarkin yaƙin da ya aje mulki da hannunsa

An haifi Joj Washinton ran 22 ga watan Fabrairu, shekara ta 1732, a Birjiniya, ɗaya daga cikin yankuna 13 na gaɓar tekun Amurka waɗanda a wancan zamani ke ƙarƙashin Sarkin Ingila. Mahaifinsa, manomin taba mai filaye da bayi, ya rasu yaron yana da shekara 11. Saboda haka bai sami zuwa karatu Ingila kamar yayyensa ba. Lissafi ya riƙe, har aka ba shi aikin awon filaye yana ɗan shekara 17.

A ƙarƙashin tutar Ingila ya fara aikin soja, lokacin da Ingila da Faransa ke jayayya bisa ƙasar Ohayo. A 1754 Faransawa suka ritsa shi a wani ɗan sansani, ya miƙa wuya. Shekarar da ta biyo, a wani mummunan gumurzu, an harbe dawaki biyu yana bisansu, harsashi huɗu suka huda rigarsa, ya fito ko ƙwarzane babu. Duk da haka, da ya nemi muƙami cikin rundunar Sarki, sai aka hana shi. Ya tuɓe kayan soja, ya auri Marta a 1759, ya koma noma a gidansa na bakin kogin Potomak.

Yaƙin nan ya ƙare a 1763, ya bar Ingila da bashi mai nauyi, sai ta waiwayi mutanen Amurka. A 1765 aka aza musu kuɗin tambur bisa takardu da jaridu, daga baya aka sa haraji har bisa shayi, alhali ba su da wakili ko ɗaya a majalisar Landan. A watan Disamba na 1773 mutanen Boston suka zubar da akwati 342 na shayi cikin teku. Ran 19 ga Afrilu 1775 bindiga ta tashi kusa da garin, bayan wata biyu kuma majalisar yankunan, wadda ke zama a Filadelfiya, ta naɗa Washinton shugaban mayaƙanta. Ya karɓa, amma ya ƙi albashi, sai dai a biya shi abin da ya kashe.

Abin da aka damƙa masa ya fi kama da taron manoma da ƴan kasuwa. Kowa ya sa hannu ne na ƴan watanni, in wa'adinsa ya cika ya saɓa bindigarsa ya nufi gida. Ran 4 ga Yuli 1776 aka yi shelar ƴancin kai, ga shi wata biyu ba su cika ba sojojin Ingila suka fatattake shi kusa da Niyu Yok. Cikin dare, da ƙananan jiragen ruwa, ya tsallakar da mutum wajen 9,000, hazon asuba ya rufa musu asiri. A nan hikimarsa take: ya gane cewa muddin rundunarsa tana raye, Ingila ba ta ci yaƙi ba, kome yawan garuruwan da ta kama. Ya yi ta ja da baya yana jiran rana. Daren 25 ga Disamba ya ƙetare kogin Delawer cikin ƙanƙara da mutum 2,400, ya afka wa sojojin haya na Jamus a garin Tarenton, ya kama wajen 900.

Shekarar 1777 ta zo da wuya. Agana ta addabi sojoji, har ya ba da umurni a tsaga fatar kowane sabon soja a shafa masa ruwan ƙurjin mai ciwon, wanda shi ne rigakafin zamanin. Filadelfiya ta faɗa hannun abokan gaba. A sansanin Bali Foj, inda ya yi sanyin shekarar da mutum wajen 12,000, kusan 2,000 suka mutu da cuta da yunwa, waɗansu ko takalmi ba su da shi. Babbar nasarar shekarar, wadda aka samu a Saratoga, ta wani janar ce mai suna Gets, har waɗansu suka fara raɗe-raɗin a ba shi jagoranci. Amma ita ce ta sa Faransa ta ƙulla yarjejeniya da Amurka ran 6 ga Fabrairu 1778.

Gaskiya dai, ba don Faransa ba da wuya a ga ƙarshen yaƙin nan yadda aka gan shi. Saurayi Lafayet ya iso tun 1777 yana da shekara 19, janar Roshambo ya biyo a 1780 da soja sama da 5,000. A 1781 jiragen yaƙin Faransa suka toshe hanyar teku, Washinton da Roshambo suka kewaye janar Konwalis a Yoktawun, ya miƙa wuya ran 19 ga Oktoba da mutum wajen 8,000.

Sai kuma haɗari ya taso daga cikin gida. A watan Maris na 1783 manyan sojoji, waɗanda aka daɗe ba a biya ba, suka taru da niyyar tursasa wa majalisa. Washinton ya shigo taron ba zato. Zai karanta musu wata wasiƙa, sai ya lalubo madubin ido, abin da yawancinsu ba su taɓa gani a fuskarsa ba, ya nemi gafara saboda furfura da raunin gani da ya samu cikin hidimar ƙasa. Jikin kowa ya yi sanyi, maganar tawaye ta mutu nan take. Ran 3 ga Satumba Ingila ta amince da ƴancin Amurka a birnin Paris, ran 23 ga Disamba kuma shi da kansa ya je gaban majalisa ya maida takardar muƙaminsa, ya hau doki ya koma gona.

An sake kiransa a 1787 ya shugabanci taron rubuta tsarin mulki, a 1789 ya zama shugaban ƙasa na farko. Ya yi wa'adi biyu, ya ƙi neman na uku, ya sauka a 1797.

Akwai tabo a tarihinsa wanda ba ya ɓoyuwa. Mutumin da ya yi shekara 8 yana yaƙin ƴanci, a shekarar mutuwarsa bayi 317 ne a gonakinsa, zuriyar mutanen da aka kwaso daga Afirka. Ya rasu ran 14 ga Disamba 1799 yana da shekara 67, bai bar ɗa ba. Cikin wasiyyarsa ya ce a ƴanta 123 da ke mallakarsa bayan ran matarsa, ita kuwa Marta ta sallame su tun ran 1 ga Janairu 1801. Yawancin sauran, da yake dukiyar gidan mijinta na fari ne, aka raba su ga jikokinta bayan rasuwarta a 1802.