Baba Yara

Osman Seidu, wanda aka fi sani da Baba Yara (an haife shi ranar 12 ga watan Oktoba, 1936, ya rasu ranar 5 ga watan Mayu, 1969), ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne na ƙasar Gana da ke buga gefen dama. Ya yi wasa a ƙungiyar Asante Kotoko ta Kumasi da Real Republikans ta Akra, da kuma ƙungiyar ƙasa, wato Black Stars. A zamaninsa ana yi masa kirari da sarkin 'yan wasan gefe na Afirka ta Yamma. Ɗauke shi da hukuma ta yi daga Kotoko a shekarar 1961 yana cikin sauyin ƙungiya da ya fi tayar da ƙura a tarihin ƙwallon Gana. Haɗarin mota ne ya kawo ƙarshen wasansa yana da shekara 26.

Farkon rayuwa

An haifi Baba Yara a Kumasi, babban birnin ƙasar Asante, tun Gana tana hannun Turawan Ingila da sunan Gold Coast. Kumasi tsohuwar matattarar fataken goro ce, kuma a zangonta Hausa ce harshen yau da kullum, don haka laƙabin nasa ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe: baba da yara duka kalmominmu ne. Da ƙuruciyarsa mahayin dokin sukuwa ne a Akra, kafin ƙwallo ta janye shi.

Asante Kotoko da ƙungiyar ƙasa

Ya shiga Kotoko a shekarar 1955. A wannan shekarar aka kira shi ƙungiyar ƙasa, yana cikin waɗanda suka lallasa Najeriya da ci 7 da nema a Akra a gasar kofin Jalco, kashin da har yau Najeriya ba ta sha irinsa ba a hannun maƙwabtan nata. Da shi Kotoko ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 1958 da 1960, ta kuma lashe gasar lig a 1959. An san shi da gudu da yanka da iya aika ƙwallo daga gefe zuwa bakin raga.

Komawa Real Republikans

Bayan samun 'yancin kai a 1957, shugaba Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙwallon ƙafa a matsayin hanyar haɗa kan ƙasa da ɗaga sunan Afirka. Ya damƙa harkar a hannun Ohene Djan, wanda ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙasar tun 1957, aka kuma naɗa shi daraktan wasanni a 1960. Djan ne ya tsara kafa ƙungiya guda da za ta zama abin koyi, mai kama da Real Madrid ta Sifen, wadda a lokacin ta ci kofin Turai sau biyar a jere. Aka sa mata suna Real Republikans, jama'a kuma suka riƙa kiran ta ƙungiyar Osagyefo, laƙabin Nkrumah.

Yadda aka tara 'yan wasanta shi ne abin da ya jawo rigima. Ba ciniki aka zauna aka yi da ƙungiyoyi ba, kamar yadda ake saye da sayar da 'yan wasa a yau. 'Yan ƙwallon Gana na wancan lokaci ba a lissafa su cikin masu wasa don albashi, kuma hukuma ce ke da wuƙa da nama. Tsarin shi ne a zaɓi gwanaye biyu daga kowace babbar ƙungiya a kai su Akra. Daga Kotoko aka ɗauki Baba Yara da Dogo Moro. Haka aka samo Addo Odametey daga Hearts of Oak, da mai tsaron gida Dodoo Ankrah daga Great Olympics, da Edward Acquah daga Eleven Wise ta Sekondi.

Hujjar hukuma ita ce, idan gwanayen ƙasa suna atisaye tare kullum, ƙungiyar ƙasa za ta yi ƙarfi. Ƙungiyoyin da aka ɗebe wa 'yan wasa kuwa sun ga an girbe gonar da su suka noma, sannan aka ce su zo su kara da wanda ya kwashe amfanin. A Kumasi abin ya fi zafi, domin Kotoko ba ƙungiyar ƙwallo kawai ba ce, alama ce ta Asante, kuma a wannan birni aka kafa jam'iyyar NLM a 1954 don adawa da jam'iyyar Nkrumah ta CPP. Magoya baya da yawa sun ɗauki tafiyar Baba Yara a matsayin Akra ta ƙwace wa Kumasi abinta.

A fili dai tsarin ya yi aiki. Republikans ta ci gasar lig ta 1962 zuwa 1963, ta kuma riƙe kofin ƙalubale shekara huɗu a jere daga 1962 zuwa 1965. A watan Agusta na 1962 Real Madrid da kanta ta zo Akra, Black Stars ta riƙe ta aka tashi 3 da 3. Sai dai ƙungiyar da aka bai wa gwanayen kowa ta ci kofi ba abin mamaki ba ne, kuma Kotoko, duk da asarar da ta yi, ta dawo ta lashe lig sau biyu a jere bayan haka.

Haɗari da rasuwa

Ranar 24 ga watan Maris, 1963, motar Republikans ta yi haɗari a Kpeve, cikin yankin Volta, suna dawowa daga wasan lig da Volta Heroes a Kpandu. Baba Yara ya ji rauni a lakar bayansa. An kai shi asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, wanda ya shahara wajen jinyar irin wannan rauni, amma a watan Agusta na shekarar ya dawo gida a keken guragu. Bai sake takawa ba.

Watanni kaɗan bayan dawowarsa Gana ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka, ta doke Sudan 3 da nema a wasan ƙarshe a Akra ranar 1 ga watan Disamba, 1963. Kofin da aka tara 'yan wasan dominsa ke nan, abokan wasansa suka ɗauka ba tare da shi ba. Gana ta sake cin kofin a Tunisiya a 1965.

Da sojoji suka kifar da gwamnatin Nkrumah ranar 24 ga watan Fabrairu, 1966, aka rushe Real Republikans, Ohene Djan ma ya rasa kujerarsa. Ƙungiyar da ta raba Baba Yara da Kumasi ta watse yana kwance. Ya rasu a asibitin Korle Bu da ke Akra a 1969, yana da shekara 32.

Tunawa da shi

A zamanin shugaba John Kufuor aka sa wa babban filin wasa na Kumasi sunansa. Filin yana ɗaukar 'yan kallo kimanin 40,000, a nan Kotoko ke wasanninta na gida, an kuma buga wasannin kofin Afirka na 1978 da 2000 da 2008 a cikinsa. A filin Baba Yara ne Gana da Najeriya suka tashi babu ci ranar 25 ga watan Maris, 2022, a zagayen farko na wasan neman gurbin kofin duniya na Katar, kafin a yi 1 da 1 a Abuja, Gana ta wuce.