Nana Asma'u, Uwar 'Yan Taru

An haifi Nana Asma'u a Degel, cikin ƙasar Gobir, wajen shekara ta 1793. Ubanta shi ne Shaihu Usmanu ɗan Fodiyo, uwarta kuwa Maimuna. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hassan, amma Shaihu bai raɗa mata Husaina yadda aka saba ba, sai ya ba ta sunan Asma'u 'yar Abubakar, wadda ta yi suna saboda ƙarfin zuciyarta a zamanin hijira daga Makka. Gidansu gidan karatu ne, na maza da mata duka. Tun tana ƙanƙanuwa aka ba ta allo, har ta haddace Alƙur'ani, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Azbinawa.

Ƙuruciyarta ba ta hutu ba ce. Tana da wajen shekara 11 sa'ad da jama'ar Shaihu suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, cikin 1804, yaƙi kuwa ya tashi tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa. Shekara huɗu ana ta yaƙi, ga yawo daga sansani zuwa sansani, ga yunwa, ga ciwo, ga mazaje suna faɗuwa a fagen fama, har aka ci Alƙalawa cikin 1808. Yarinyar nan ta ga gwauraye da marayu da idonta tun ba ta san aure ba. Cikin shekarun nan aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama wazirinsa. Da Shaihu ya rasu a Sakkwato cikin 1817, tana cikin waɗanda suka tattara littattafansa, suka kiyaye su.

Yaƙi ya bar ƙauyuka cike da mata waɗanda ba su san baƙi ba. Waɗansu mazansu sun mutu, waɗansu kuwa kamo su aka yi, aka raba su da dangi da harshe, aka zaunar da su a baƙon wuri. Ba za mu ɓoye wannan ba, gama mu mutanen Lafiya ba baƙin labarin ba ne. A da sarakunan Lafiya suna kai gaisuwa Bauchi, Yakubu na Bauchi kuwa daga hannun Shaihu ya karɓi tuta, kabilun ƙasar nan da dama kuma sun hau kan duwatsu don gudun masu kamun bayi. Asma'u 'yar gidan masu nasara ce, tana kuwa tare da su da zuciya ɗaya. Duk da haka ta dubi matan nan, ta ga ba su da wurin taruwa sai dandalin bori, inda Inna ta Gobir ta ke shugabanci tun kafin jihadi. Ta gane ba za a raba mace da taron 'yan'uwanta mata a bar ta hannu wofi ba. In an hana ta wannan, sai a ba ta wani.

Wajen shekarun 1830 ta fara aikin da aka san ta da shi. Ita matar waziri ce, ba ta yawon ƙauyuka, saboda haka sai ta zaɓi dattijan mata amintattu daga garuruwa, ta naɗa kowacce ta zama jaji, watau mai jan ayari. Takan ɗora wa jaji malfa, ta naɗa mata jan rawani a kai. A nan hikimarta ta fito fili, domin malfar nan alamar Inna ce. Matan ƙauye suna ganinta suka san mai ita shugaba ce, ba sai an faɗa musu ba.

Kowace jaji takan tara ayarinta, yawancinsu 'yan mata waɗanda ba su kai aure ba da tsofaffi waɗanda suka gama haihuwa, gama matan aure suna gida da goyo da girki. Sai su kama hanya da ƙafa, wani lokaci tafiyar kwanaki, su iso gidanta. Sukan zo da abin hannu, zuma, ko hatsi, ko man shanu, ko zane, ita kuma ta raba wa mabukata. Tana koya musu da waƙa, gama waƙa ba ta bukatar takarda. Wadda ta haddace ta koma da ita gida, ta rera wa matan da ke kulle, a bakin turmi ko wajen kaɗi, har karatu ya shiga ɗakin da malami namiji ba shi da ikon shiga. Waɗannan su ne 'Yan Taru.

Ba biyansu a ke yi ba, aikinsu kuma bai tsaya ga karatu kaɗai ba. Suna jiyyar marasa lafiya, suna wankan gawar mata, suna share harabar masallaci, suna sulhunta masu faɗa. Wanda ya karanta labarin Dokas ta Yafa cikin Ayyukan Manzanni, ko ya ga matan Zumunta sun ɗaura zane sun tafi gidan makoki da itace da tukwane, ba zai rasa gane irin wannan aiki ba, ko da shi ke bangaskiyar dabam ce. A ganinmu tafiyar nan ta ƙafa ta yi aiki kusan daidai da karatun. Tsohuwa da yarinya sun sha ruwa a gora ɗaya, sun kwana a zaure ɗaya, an cire wa juna ƙaya. Baiwar da ba ta da kowa a garin ta sami wadda za ta kira uwa, da waɗanda za su zo ranar da ta kwanta ciwo.

Ita ma Asma'u ba ta tsaya daga nesa ba. Cikin waƙoƙinta, waɗanda wajen 60 suka rage, akwai na makokin manya kamar Bello, wanda ya rasu a Wurno cikin 1837. Amma akwai kuma wadda ta yi wa Hauwa'u, jaji ce kawai mai kawo mata ayari, da waɗanda ta yi wa aminiyarta A'isha, matar Bello, inda baƙin cikinta ya fito ba ɓoyo. Ba safai a kan sami malami na zamanin nan ya ɗauki alƙalami don mace marar sarauta ba.

Ta rasu cikin 1864, aka binne ta a Hubbare, kusa da ubanta. Ƙanwarta Maryam ta karɓi jajoji, bayanta kuma Tamodi. Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903, mulki ya sake hannu, amma ayarin mata bai yanke ba. Wata Baturiya, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana aikin koyarwa a ƙasar Sakkwato, ta tarar da tsofaffin jajoji suna nan da malfarsu, ta zauna da su, ta buga tarihin Asma'u cikin 1989. Cikin 1997 kuma ita da Beverly Mack suka fitar da waƙoƙinta a littafi ɗaya.