Tarihin Armand Peugeot, mutumin da sunan gidansu ya zama motar gwamnati a Najeriya

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Mubi da Yola a shekarun 1980 da 1990 ya san motar da ke jiran fasinja a tasha. Peugeot 504 ce mai dogon baya, wadda bakin jama'a ya mayar Fijo. Ita ke bi ta Hong da Gombi da Song ɗauke da mutane da buhuna, 'yar uwarta a-kori-kura kuma tana hawan hanyoyin duwatsu zuwa kasuwannin kan iyakar Kamaru. A ma'aikatu kuwa, ranar da aka ba ma'aikaci mabuɗin 504, kowa ya san ya kai wani matsayi. Sunan da ke jikin motar na wani gidan maƙera ne a gabashin Faransa, wanda ya kai gidan ga ƙera mota kuwa shi ne Armand Peugeot, wanda ya bar duniya shekara 60 kafin a fara haɗa motar a Kaduna.

An haifi Armand a 1849 a yankin Doubs, kusa da garin Montbéliard, daf da iyakar Faransa da Suwizalan. Ya tashi ya tarar da sana'a a gida. Tun a 1810 kakansa Jean-Pierre da ɗan'uwansa Jean-Frédéric suka mayar da gidan niƙan hatsi na iyali wurin sarrafa ƙarfe. Suna yin zarto, da ƙarafan laima, da injin niƙa gahawa, da kayan aikin hannu iri-iri. A 1858, zamanin mahaifinsa Émile da baffansa Jules, aka yi wa tambarin zaki rajista. Zarto aka yi wa tambarin, domin a nuna haƙoransa na da ƙarfi kamar na zaki. Babu wanda ya kawo mota a ransa a lokacin.

Armand ya yi zama a Leeds ta ƙasar Ingila yana matashi, inda ya ga yadda masana'antun Ingila ke aiki. Ya dawo da yaƙinin cewa gidan da ya iya sarrafa ƙarfe zai iya ƙera abin hawa. A 1882 kamfanin ya fitar da kekensa na farko, mai ƙatuwar ƙafa a gaba da 'yar ƙarama a baya. Keke ya samu kasuwa, amma hankalin Armand ya riga ya koma kan abin da zai tafi ba tare da ƙarfin mutum ko na doki ba.

A 1889 ya haɗa kai da Léon Serpollet suka ƙera abin hawa mai ƙafa uku da ke aiki da tururi, aka nuna shi a babban baje kolin Paris. Huɗu kacal aka yi. Tukunyar tururi ta yi nauyi, Armand bai ɓata lokaci ba ya sauya hanya. A 1890 ya fitar da mota mai ƙafa huɗu mai amfani da man fetur, da injin Bajamushen nan Gottlieb Daimler, wanda kamfanin Panhard et Levassor ke ƙerawa a Faransa. A 1891 motarsa ta bi ayarin masu tseren keke daga Paris zuwa Brest ta dawo. Idan aka haɗa da tafiyarta daga masana'anta da komawa, ta ci fiye da kilomita 2,000. A gasar Paris zuwa Rouen ta 1894, Peugeot da Panhard et Levassor suka raba kyautar farko.

Nasarar waje ba ta kawo zaman lafiya a gida ba. Ɗan baffansa Eugène, wanda suke riƙe da kamfanin tare, yana ganin mota kasada ce da za ta iya cinye dukiyar da zarto da keke suka tara. Hujjarsa ba ta banza ba ce: a 1892 motoci 29 kawai aka ƙera. Da magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai suka raba gari a 1896. Armand ya kafa nasa kamfanin na motoci, ya gina masana'anta a Audincourt, ya daina dogaro da injin Daimler, ya koma ƙera nasa. Eugène ya riƙe kayan aiki da kekuna da abin hawa mai ƙafa biyu. Daga wannan ɓangare ne babur ɗin Peugeot na farko ya fito a 1898, abin da ya sa ake lissafa sunan cikin mafi daɗewa a sana'ar babur a duniya.

Lokaci ya gaskata Armand. A 1899 ya sayar da motoci kimanin 300. Ba a jima ba 'ya'yan Eugène suka ga abin da mahaifinsu ya ƙi gani, suka shiga ƙera ƙananan motoci da sunan Lion-Peugeot, bisa yarjejeniyar biyan Armand kuɗi. Aka wayi gari gida ɗaya yana da kamfanonin mota biyu masu suna ɗaya, suna neman masu saye a kasuwa ɗaya. Eugène ya rasu a 1907. Armand, wanda ba shi da ɗa namiji a raye da zai gaje shi, ya amince a 1910 aka haɗe kamfanonin biyu. A 1912 aka buɗe masana'antar Sochaux, wadda ta zama cibiyar kamfanin. A 1913 Jules Goux ya lashe tseren Indianapolis na Amurka da motar Peugeot. A wannan lokaci ragamar kamfanin ta koma hannun Robert, ɗan Eugène. Armand ya rasu a 1915 a Neuilly-sur-Seine, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise da ke Paris.

Abin da ya biyo bayan rasuwarsa tarihi ne na suna da ke sauya hannu. Kamfanin ya mallaki Citroën a 1976, ya sayi reshen Chrysler na Turai a 1978. Domin sayar da motocin da ya gada daga Chrysler, sai ya tono tsohon sunan Talbot a 1979 ya manna musu. Masu saye ba su ga alaƙa tsakanin sunan da motocin ba, kafin ƙarshen shekarun 1980 aka daina yin ƙananan motocin Talbot. A 2014, da kamfanin ya shiga matsin kuɗi, gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na ƙasar Sin suka sayi hannun jari, kason iyalin Peugeot ya ragu zuwa kimanin kashi 14 cikin 100. A 2021 aka haɗe shi da Fiat Chrysler, aka samar da Stellantis. Ɓangaren babura ma bai tsira ba: Mahindra na Indiya ya karɓi kashi 51 cikin 100 a 2015, ya mallake shi gaba ɗaya a 2019, sannan ikon gudanarwa ya koma hannun Mutares na Jamus a 2023. Zakin dai yana nan a jikin kowane babur.

A Najeriya ma haka sunan ya yi ta yawo. An kafa Peugeot Automobile Nigeria a 1972, masana'antar Kakuri da ke Kaduna ta fara aiki a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Abu uku suka ɗaga ta: gwamnati na saye, motar na jure hanyoyin ƙasar, kuma kayan gyara na samuwa ko'ina. Bakanike a Mubi zai sauke injin 504 da safe ya ɗora da yamma, shi ya sa direba ba ya tsoron shiga daji da ita. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Faransa. Amma faɗuwar darajar naira, da kwararowar motocin tokunbo, da juyawar ma'aikatu zuwa motocin Japan, suka rage mata kasuwa. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta ga ASD Motors. Bashi ya yi yawa, hukumar AMCON ta karɓe kamfanin a 2012, daga bisani a 2020 ya koma hannun Nesbitt Investment. A gefe guda kuma, Dangote ya haɗa gwiwa da Stellantis aka kafa Dangote Peugeot Automobiles Nigeria, wanda ya fara haɗa motoci a 2022 a sabuwar masana'anta da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja.

Rayuwar Armand ta nuna cewa aiki ne ke yin suna. Zarto mai kaifi ya fara ba zakin daraja, keke ya ƙara, mota ta cika. Talbot ya nuna abin da ke faruwa idan aka saye suna ba tare da abin da ya gina shi ba. Sabuwar Peugeot ta Kaduna ta gaji ƙaunar da tsohuwar ta bari, amma gwajinta yana wurare biyu: ofisoshin Abuja da ake yanke shawarar motar da gwamnati za ta saya, da garejin bakaniken Mubi, inda direba zai tambaya ko akwai kayan gyaranta, kuma nawa ne.