UMAR ƊAN HAƊƊABI DA GWAMNAN KUFA



Ya ɗan'uwa matashi, kowa ya san Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, da zafi a kan gaskiya. Baƙuraishe ne daga Banu Adiyyi, ya musulunta a Makka shekara ta shida bayan aiko Annabi (SAW), ya yi halifanci daga shekara ta 13 zuwa ta 23 bayan Hijira, wato 634 zuwa 644 Miladiyya. Wannan duk an karanta maka a Islamiyya. Abin da ba a cika gaya maka ba shi ne yadda yake yi idan an kawo ƙarar ma'aikacinsa, ga shi kuwa gobe kai ma za ka zama maigida, ko hedimasta, ko mai shago da yara a ƙarƙashinka.

Umar ba ya sakin ma'aikaci sakaka. In ya naɗa gwamna sai a rubuta dukiyarsa tun ranar naɗi. Lokacin Hajji yakan tara gwamnoni, mai kuka ya kawo kukansa. Yana kuma da mai bincike amintacce, Muhammadu ɗan Maslama.

To, wajen shekara ta 21 wasu mutanen Kufa suka kai ƙarar gwamnansu Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya ja rundunar Musulmi a Ƙadisiyya, ɗaya daga goman da aka yi wa albishir da Aljanna. Har cewa suka yi wai bai iya salla ba! Labarin yana cikin Sahihul Bukhari. Duba ka ga abin da Umar ya yi. Ya aika aka kirawo Sa'adu, ya kira shi da alkunyarsa Abu Is'haƙa, kiran girmamawa ke nan wurin Larabawa. Ya faɗa masa tuhumar filla-filla, ya saurara. Sa'adu ya bayyana cewa sallar Manzon Allah yake yi musu, yana tsawaita raka'o'in farko, yana sassauta na ƙarshe. Nan take Umar ya nuna masa cewa zaton da yake masa ke nan tun farko.

Amma kyakkyawan zato bai hana bincike ba. Aka bi masallatan Kufa ɗaya bayan ɗaya ana tambaya, Sa'adu yana nan yana ji, ba a bayan idonsa ba. Kowa yabo yake, sai a masallacin Banu Absi wani Usamatu ɗan Ƙatada ya tashi ya ce ba ya fita yaƙi, ba ya daidaita rabo, ba ya adalci a hukunci. Sa'adu ya roƙi Allah, in ƙarya mutumin ya yi don a gani a faɗa, Ya tsawaita ransa da talaucinsa, Ya jefa shi cikin fitina. Haka kuwa aka yi.

Mu yanzu fa? Maigida ya ji tsegumi da safe, kafin azahar ya tsitsiye yaronsa gaban abokan ciniki, ya kira shi ɓarawo, ya riƙe masa albashi, ko tambayarsa bai yi ba. Kuma da gemunsa, yana sahun gaba.

Umar dai ya sauke Sa'adu ya naɗa Ammaru ɗan Yasir, domin a kashe wutar rikici a gari. Sauke shi ya yi, bai zubar masa da mutunci ba. Da Abu Lu'ulu'a ya soke shi a sallar asuba cikin Zulhajji shekara ta 23, yana kwance jini na zuba, ya sa Sa'adu cikin mutum shida da za a zaɓi halifa daga cikinsu. Ya umarci duk wanda aka zaɓa, in ba Sa'adu ba ne, ya nemi taimakonsa, ya kuma shaida wa jama'a cewa ba don gazawa ko ha'inci ya sauke shi ba.